Mangwaron Nanay Pasita

Kafin guguwar teku ta iso Samar
aka tura mu da tsani da zarto,
ni da Rodel, wanda ya fi tsoron tururuwa da lantarki.

Tun daga nesa na hango shi,
mangwaro ya dafa kafaɗar waya,
ganyen sama har sun babbake.

Nanay Pasita ta fito da tsintsiya a hannu.
"Ranar da na haifi Efren na binne ƙwallon.
Shekararsa tara a jirgin ruwa.
Wannan ne bai tafi ko'ina ba."

Ban yi mata wa'azi ba.
Da haɓa na nuna mata inda wayar ta bi:
ta haye rafi, ta wuce coci,
ta shiga ɗakin shan magani
inda firji ɗaya ke riƙe da allurar gari.

Ta daɗe tana kallo.
"Wancan kaɗai. Kada ka taɓa mai lilon."

Na hau. Ƙaro ya manne mini a yatsu.
Reshe ya yi kukan tsohuwar ƙofa,
ya sauka da ɗanyun 'ya'ya sha ɗaya.

Ta tsince su, ba ta dube ni ba.
Muna naɗe igiya sai ga jikarta
da faranti, an yanka, an barbaɗa gishiri.

Daren da iska ta zo
ina kwance, kwanon rufi yana ta kururuwa,
ƙwan ɗakina ya lumshe ido sau biyu,
bai mutu ba.
Haƙorana ne dai suka mutu
da tsamin mangwaronta.