Haƙori na Tamanin da Uku

A 'Yan Katako, Na'ibawa, bayan layin masu falanki,
akwai wata rumfa da kwanonta ya sha tsatsa.
Nan Sallau ke zama tun kafin a tayar da inji.
Ba ya saye, ba ya sayarwa,
shi dai a kawo masa zarton da ya gaji.

Ni ne ɗan aike a lokacin.
Nakan ɗauko zarto a naɗe kamar mesa ta ƙoshi,
tsumma a kafaɗa, fargaba a ciki,
in sauke a gabansa, in ja da baya.
Ba ya fara dubawa da ido.
Sai ya ƙwanƙwasa da gindin magagari,
ya karkata kunne kamar mai satar jin hira:
"Wannan ya tsage daga ciki, yaro.
Wa ya tilasta masa cin ƙirya da gaggawa?"

Sai alli. Ɗigo guda a haƙorin farko,
don zarton inji ba kai gare shi ba, ba wutsiya,
in ba ka sa shaida ba, sai ka kwana kana zagaye.
Ƙir, ƙir, ƙir.
Sau uku, ba ya kai huɗu.
Garin ƙarfe na zuba a kan yatsun ƙafarsa
kamar kwallin da babu mai sawa.

"Ɗaya dama, ɗaya hagu, haka ake karkata su.
In duk suka miƙe ɗoɗar kamar 'yan fareti,
itace zai shaƙe su, ƙarfe ya ɗau zafi.
Saɓaninsu ne ke buɗe hanya."
Ya faɗa sau ɗaya, bai ƙara ba.
Na ɗauka maganar zarto yake.

Wata Talata haƙora bakwai suka tashi lokaci guda.
Alhaji Barau ya zo da kumfar baki,
wai wasi ne bai yi ba, wai tsufa ya ci hannu.
Sallau bai tanka ba. Ya tashi, ya je gun gungumen,
ya bi sawun yanka da ɗan yatsa,
ya sa kurfi ya tono wata ƙusa baƙa ƙirin
da maɗaci ya haɗiye tun yana matashi.
Wani ne can kudu ya rataya jakarsa,
ya sha inuwa, ya tafi, ya manta.
Shekara arba'in, sai ga bashin ya biyo mota har Kano.

Ya jefa ta cikin gwangwanin madara:
ƙusoshi, guntun waya, harsashi biyu, bakin gatari.
"Itace ba ya mantuwa," ya ce, "ɓoyewa yake."
Alhaji ya sosa ƙeya, ya aiko da goro.

Mai tebur ya san kafinta.
Mai ƙofa ya san wanda ya shafa fenti.
Gadon da aka haife ka a kai,
allon da ka fara wankewa,
babu mai tambayar wa ya ba haƙori kaifi.

Ranar da bai zo ba, damina ce, dusar katako ta jiƙe.
Na tarar da zarto ɗaure a maƙalarsa,
tabarau a kan benci, ƙafa ɗaya ɗaure da zare.
Na bi daga ɗigon alli ina ƙirgawa:
tamanin da biyu suna ƙyalli,
na gaba a dakushe, yana jira.

Bayan mun dawo daga maƙabarta
na ɗauki magagarin. Ƙotar ta lotsa daidai babban yatsansa,
nawa bai cika gurbin ba.
Na dai sa.
Ƙir, ƙir, ƙir.

Har yau in na zo tamanin da uku
hannuna kan ɗan tsaya.
Yaron da ke ɗauko min zarto yana zaton gajiya ce.