Ɗorin Na'ura a Aliero

Bayan isha, ƙaurin albasa bai bar rigata ba,
na kunna kwamfutar gida in shigar da lissafi:
buhu arba'in na Alhaji Marafa, bashin taki,
kuɗin motar da ta yi lodi zuwa kudu.
Ta yi nishi, fuskarta ta rikiɗe shuɗiya,
ta ce wasu fayilolinta sun samu karyewa.

Ba na hotuna ba, ba na ciniki ba,
na can ƙurya, waɗanda take tsaye a kansu,
ƙashin bayan da ba a tuna shi
sai ranar da ya ƙi miƙewa.

Ko wutar da aka ɗauke ranar Lahadi ce,
tana tsakar sabunta kanta?
Ko Zayyanu ne, ɗan yayata,
da wasan ƙwallon da ya kwaso a shagon caji?
Na tambaye shi, ya dubi rufin ɗaki,
tun ban gama ba ya fara rantsuwa.

Na kai hannu in taɓa fayil, ta ce ba ni da izini.
Ni da na saye ta da gumin rani biyu!
Ashe da mai gadi a cikinta,
ba ya gyangyaɗi, ba ya karɓar goro,
mai gida da ɓarawo duk ɗaya ne a idonsa,
ƙofar nan ba ya buɗe wa kowa.

Sai na sa hular mai iko, na buɗe baƙin allo,
na rubuta umarni, na ce ta binciki kanta.
Kashi goma. Kashi talatin. Na sha shayi.
A sittin da bakwai ta toge
kamar jakin da aka kai bakin ruwa.
Da ta yi magana, gajeruwa ce:
ta ga ɓarna, amma ba duka ke gyaruwa ba.
Sau uku ina maimaitawa.

Baba Nomau na tabarma yana feƙe karan ɗori,
shekara hamsin yana haɗa ƙasusuwan mutane.
Ya ce, "Mi as same ta?"
Na faɗa masa yadda zan iya.
Bai ɗaga kai ba ya ce, "Ba a ɗori da ka.
Kafin in ja karyayyar ƙafa
sai na shafa mai lafiyar,
ita ka faɗa min tsawo da zama.
Taka, da wace ƙafa take gwadawa?"

Nan na gane.
Rumbun da take ɗebo madadi shi ma ya ruɓe,
kamar albasar ajiya da damina ta leƙa.
Ruɓaɓɓe ba ya gyara ruɓaɓɓe,
ko da kwana za a yi ana jujjuyawa.

Da safe na fara kwashe lissafina gefe,
don ba a fiɗa a kan tabarmar salla.
Nafi'u, ɗalibin jami'a mai haya a bayanmu,
ya ara min filashi mai kwafin asali.
Na tashe ta a yanayin lallaɓa,
na nuna mata sabon rumbu, ta ɗebi abin da ta rasa,
ina ta addu'a kada wuta ta sake gocewa.

Sittin da bakwai. Na riƙe numfashi.
Sittin da takwas.
Ɗari ta cika ana kiran azahar,
mai gadin nan da na zaga jiya
ya koma bakin ƙofarsa, na ji ina gode masa.

Baba ya ce, "Sabon ɗori ba ya son gudu,
kada ka aza mata kaya yau."
Na ce to. Na buɗe lissafi kawai,
layi na tara ya fito sarai:
Baba Nomau, buhu biyu, tun bara, ba a biya ba.
Na karanta masa da ƙarfi.
Ya ci gaba da feƙe karansa,
ya ce, "Wannan wurin bai warke ba tukuna,
a sake dubawa."