Akwati Biyu a Shagon Anacleto

Talata ce, ruwa na ta tsuga a Porto.
Na hau tudu daga bakin Douro,
jita a baya, tarin wata uku a aljihu.
Shagon Anacleto na warin tsatsa da kofi,
wayoyi a rataye kamar shanyar da aka manta.

Ya dire akwati biyu a kan kanta.
Ɗaya kore, fenti ya ɓare a kusurwa,
abin murɗawa uku, shi ke nan.
Ɗaya baƙi, sabo fil, lambobi ja na ƙyafta ido.
"Wannan analog, wancan dijital. Taka ki ji."

Na taka koren, na ja tsirkiya guda.
Sautin ya tafi ya dawo da mura,
ya sake dawowa daga ƙarƙashin bargo,
zuwa na huɗu
sai ki rantse ba ni na kaɗa ba.
Haka muryar babana take mini yanzu.
Shekara shida rabona da ita.
Ina jin sa daga kan jirgin kamun kifi a Matosinhos
yana ƙwala "Idalina!"
amma kowace shekara
wani abu na zubewa a hanya kafin kiran ya iso.

Na taka baƙin, yatsa ya zame.
Ya maido mini kuskurena sau takwas,
tsaf, ko ƙura bai bari ta rufa mini asiri ba.
Na ji kunya har wuya.
Da na gyara hannu kuwa, kai!
sauti garau bisa sauti garau,
jeri kamar tayil ɗin bangon tasha,
har na kaɗa tare da kaina, mu uku, mu huɗu.
Koren ko rabin daƙiƙa da ƙyar yake riƙewa.

"Kai wanne za ka ɗauka?"
Tsohon ya taɓa kunnen hagu, ya yi dariya.
"Shekara arba'in ina gaban lasifika, yarinya.
Ni yanzu ko matata ta kira ni,
koren akwati ce."

Ranar Juma'a muna da wasa.
Zeferino mai ganga ba ya yafe ko ƙiftawar ido,
kuma kuɗin haya ba ya jin labarin uba.
Na ƙirga, na sake ƙirgawa.
Na ɗauki baƙin.
Ragowar Yuro ashirin na tura gaban koren:
"Kafin alƙalami. Kada ka sayar."
Ya rubuta sunana a takarda, ya manna da tef.

A hanyar gida na fake a ƙarƙashin gada,
ƙarfe na ɗiga, jirgin ƙasa ya wuce a sama.
Na duba dama da hagu, ba kowa.
Na ƙwala sunana da muryarsa.
Gadar ta yi jim,
ta maido mini "lina",
sannan "na",
sannan ruwa.