Jar Igiya a Bakin Ƙofa

Kiyari, aje bokitin nan.
Ruwan da ka sayo wajen ɗan ga-ruwa
ba shi ne maganin wutar gazuwal ba.
Zauna in gaya maka.

Ni da ka gani ina niƙa hatsi a Garin Malam,
shekara goma sha ɗaya na yi cikin jirgin ruwa,
can ƙasa, inda ba rana ba wata,
sai inji mai tsawon bene yana nishi.
Ɗan Damagaram da ya tashi a layin famfo,
ga teku ta kewaye shi, ko kurɓi ɗaya ba ya shayuwa.

Daren wata Laraba, mun baro Kwatano,
bututun mai ya tsage, tsaga kamar ta diddige.
Siririn mai ya yi tsartuwa bisa ƙarfe mai zafi,
kafin in ce Allah, rufi ya zama tanda.

Wuta ba ta da ƙafa, yaro, ciki ne da ita.
Muddin ana ba ta, tana ci.

Akwai akwati ja a wajen ɗakin,
wajen, ba ciki ba, riƙe wannan.
Kullum Asabar ana sa mu zuwa gabansa
muna gunaguni: aikin banza.
Daren nan ido bai gani, hayaƙi ya rufe,
hannu ne ya tuna hanya.
Na fasa madubin da gwiwar hannu, na ja,
na ji tankuna suna rufe baki, ɗaya, biyu, uku.
Inji ya yi tari, ya yi shiru.

Muka kashe fanka, muka toshe kafar iska.
Babba ya ce a ƙirga mutane
kafin a saki iskar da ke shaƙe wuta,
don ba ta san wuta da mutum ba.
Bakwai muka shiga aiki. Muka ƙirga shida.
Muka sake. Shida.

Sai ga Gambo Mirya yana rarrafe a tsani,
gemu ya ƙone, takalmi ƙafa guda,
yana tambaya ko wani ya ga butar shayinsa.
Na yi dariya har na yi kuka.

Shi ya sa ka ga tankin injin nan a waje, jikin katanga,
da jar igiya rataye bakin ƙofa.
Mata masu kawo niƙa suna cewa laya ce.
Bar su.

Tashi ka rufe ido.
Tako nawa daga turmin inji zuwa igiyar?
Ka yi karo da buhun dusa, koma.
Sake.

Rairayi na cikin rabin duro, bayan ƙyaure.
Ruwan kuwa, kai wa uwarka,
tun safe take jira.