Tantabarun Tasha

Babana tela ne a Malam Madori,
kekensa na gindin darbejiya, daura da tasha.
Shi ya ɗinka musu rigunan nan huɗu,
yadi ɗaya, ruwan ƙwai, maɓalli har wuya,
bashi kuma, sai bayan kaka aka biya.

Ilu, Kallamu, Jatau da Barmo.
Babu ɗan maroƙi a cikinsu, babu mai gadon kalangu.
Uku 'yan dako ne, ɗaya mai ɗaga tuta
in jirgin Nguru ya kunno kai.
A ɗakin wani direba suka ji faifan garmaho,
baƙaƙen fata ne na can ƙetaren teku,
murya kan murya kamar saƙar kaba.
Ko kalma ɗaya ba su gane ba.
Ilu ya ce, ni dai na san wannan kukan,
na wanda ya yi noma ne wani ya auna.

Cikin tarago suke gwaji in dare ya raba.
Barmo ya riƙe ƙasa, muryarsa turmi,
Jatau ya haye sama har ka rantse mace ce,
Kallamu na tsaka yana ɗinke ɓaraka,
Ilu ke jan baki.
Ba ganga, ba goge, sai tafi,
ƙafa ɗaya gaba, su juya tare kamar an ja zare.

Dattawa suka ce, wace irin waƙa ce ba ubangida?
Ba su wasa mai sarauta, ba su miƙa hannu,
to wa zai ba su riga?
Babana ya ce, ai na ba su.

Sai ga waƙar sikeli.
Baiti uku ce tak, amshinta: sikeli, faɗi gaskiya.
Ranar awo manoma suka yi layi da jakuna,
wani ya fara ta a hanci, na baya ya karɓa,
har ta kai gaban akawu.
Ba zagi, ba sanda.
Aka dai ga ƙafarsa ta janye daga gindin ƙarfen.
Shekarar innata ta sayi kwalla biyu da rarar.
Shekarar ajin yaƙi da jahilci ya cika ya batse,
magidanta da furfura suna koyon bakwai da tara
don su karanta allura da idonsu.

Haɗeja ta kira su, Gumel ta kira.
Sun je Kano sau ɗaya, gidan rediyo,
aka ba su fam shida da shayi.
Daren da aka sa su, mun kewaye akwatin mai unguwa,
kare ya yi haushi, muka jefe shi.

Daga nan fari ya zo.
Gyaɗa ta kuturce, dala ta rushe,
jirgi ya koma zuwa sai ya ga dama.
Jatau ya tafi Ikko neman aiki, wasiƙa biyu, shiru.
Tari ya ci Barmo a damina.
Kallamu ya zama ladan, ya hana a tuna masa,
amma in ya ja kiran assalatu
akwai wata lanƙwasa da mu muka san inda ya samo ta.

Ilu na nan, ido ya tafi.
Ran kasuwa na ja shi muka bi ta rumfar riɗi,
wata yarinya ta riƙe bakin buhunta
tana ce wa ɗan awo, sikeli, faɗi gaskiya.
Na ce, 'yata, waƙar wa ce?
Ta ce, wace waƙa? Karin magana ce.

Ilu ya yi dariya har ya nemi wurin zama.
Can ya ce, ka duba akwatin babanka,
akwai sauran yadin nan, ya isa hula.