Jigon Kaka Cakko

A bakin ruwan Koci, inda kogi ke faɗa wa teku ba sallama,
kakana Cakko yana da jigo.
Ba na ban-ruwa ba, na kamun kifi:
itatuwa sun buɗe sama kamar yatsun mai addu'a,
taru na lilo a tsakaninsu,
a baya duwatsu tara rataye da igiyar ɓawon kwakwa,
kowanne da sunansa.
Akwai Fada, akwai Suruka,
akwai Bashin Bara, wanda ya fi duka nauyi.

Kaka bai kai buhun shinkafa ba.
Daga nesa ana ƙirga haƙarƙarinsa.
Amma in ya naɗe zane sama da gwiwa
ya hau doron babban itacen, ya taka, ya ƙara takawa,
sai ƙaton abin da maza shida ba sa girgizawa
ya sunkuya masa a hankali
kamar saniya ta ga ruwa,
taru ya nutse.

Sai jira.
Hankaki na jira, kyanwa na jira, kawu Lonappan na hamma.
Sannan a ja igiya,
duwatsu su sauko ɗaya bayan ɗaya, suna taya mu ja,
taru ya taso yana zubar da teku ta kowace ƙofa.

Ranar da Malama Sulocana ta zana layi a allo,
ta sa masa ɗan dutse mai kusurwa uku a ƙasa,
ta ce ga kaya, ga ƙarfi, ga madogara,
dariya ta kuɓuce mini har aka tsayar da ni a waje.
Ai jigonmu ne, an tuɓe masa taru!

Na dawo gida ina ganinsa ko'ina.
A almakashin inna Mariyamma, jigo biyu da suka yi aure da ƙusa ɗaya.
A tsinin ƙarfen da take soka kwakwa ta danna, ɓawo ya yage.
A kurar rijiya mai kuka kamar an mare ta.
A katakon da ake jinginawa a gangara da ganga cikin kwalekwale,
hanya ta ƙaru, nishi ya ragu.
Har a gwiwar hannuna in na kai loma baki.

Na ba Kaka labari. Yana gyaran ƙulli, bai ɗago ba.
Ya ce: malamarku ta san abu.
Amma ta gaya muku ba a cin bulus?
Abin da ka rage a ƙarfi, a tafiya za ka biya.

Daminar da ya rasu, kwana tara jigon na tsaye, baki sama.
Ran na goma kawu ya dube ni.
Na hau.
Itacen na da santsi, ƙasa ruwa ne mai launin shayi.
Na kai inda Kaka ke tsayawa,
wurin da tafin ƙafarsa ya goge har ya yi ƙyalli,
na tsaya.
Ko motsi.

Shekarata goma sha biyu, ban kai shi nauyi ba.
Kawu ya yi tsawa daga baya: ƙara gaba!
Taku ɗaya. Gwiwata na rawa.
Biyu.
A na uku na ji igiya ta yi ƙara,
Bashin Bara ya bar ƙasa,
duniya ta karkata ƙarƙashin ƙafata.

Abin da muka ɗago bai taka kara ya karya ba:
ƙananan kifi bakwai, ƙaguwa, leda, silifa ƙafa ɗaya.
Kyanwa ta samu nata.

Yanzu goge biyu ne a doron itacen,
taku uku tsakaninsu.
Kowace shekara nawa yana matsowa baya.