Akwatin Baba Gariba

A Aboabo, bayan masallacin da ke kallon kwata,
nan Baba Gariba ya shekara arba'in da ɗoriya
yana ƙera akwatin da ke kama fuska.
Katakon odum, ƙusoshi 'yan mitsi-mitsi,
hannun riga baƙi da Inna Lamisi ke ɗinkawa,
sai idon gilashi guda, daga kayan gwanjon Takoradi,
wanda yake hura wa numfashi ya goge da gefen rawani
kamar mai share wa jariri hawaye.

Ni ne yaron da ke riƙe masa randa.
Shekara shida ina shaƙar garin katako,
ina jin sa yana faɗa:
"Tanko, haske ɓarawo ne.
Ka bar masa kafar allura, ya kwashe maka mutum."

Daga Bawku ake zuwa, daga Wagadugu, har daga Lome,
masu hoto su ajiye kafin alƙalami su jira wata biyu.
Akwatunansa sun tsaya da ƙafa uku a bakin Kejetia
suna kallon direbobi, da fataken goro,
da tsofaffin da ke neman fasfo na Makka.
Kada ki motsa, Hajiya. Ɗaya. Biyu. Uku.
A cire murfi, a mayar.
Hannu ya shiga duhu yana lalube,
fuska ta taso daga ruwan magani
a hankali, kamar mai fitowa daga rijiya.

Sai ƙananan suka zo, masu igiya a wuya.
Ya ce abin wasan yara ne.
Sai waɗanda suka fi su ƙanƙanta.
Ya yi ƙoƙari, ban hana masa ba:
ya rage akwati har ya kai girman burodi,
ya shafa masa jan fenti,
ba wanda ya taya.
Sannan waya ta zo ta haɗiye su duka,
babba da ƙarami, ko gyatsa ba ta yi ba.

Na gudu. In faɗi gaskiya, gudu na yi.
Yanzu ina Adum ƙarƙashin laima,
ina liƙa gilashi a fuskar wayoyi, sidi ashirin ashirin.
An ce in kiɗa ya sauya rawa ma ta sauya,
amma ba a faɗi yadda za a yi da mai gyaran tsohuwar ganga ba.

Ran Juma'a na kai masa koko da ƙosai.
Akwati uku suka rage.
Ɗaya Inna na zuba albasa a ciki,
ɗaya tattabara ta yi ƙwai.
Na ukun yana kan cinyarsa.
Wani saurayi daga Ankara, in ji shi,
ya zo zai saya ya kafa a zauren otal,
a sa masa fure a ka.
"Na tambaye shi ko ya san inda ake sa takarda.
Ya yi dariya, ya zaro waya ya ɗauki akwatin hoto."

Ya yi shiru. Babura na wucewa.
"Ka sayar?" na ce.
"Kuɗin maganin ido ne," ya ce. "Gobe zai turo mota."

Sai ya sa ni zama a kan benci, bayana ga bango.
Ba takarda a ciki, na sani, ruwan magani ya ƙare tun bara waccan.
Ya zura hannu a baƙin hannun riga,
ya kanne idon da ya rage masa.
Wayata na ta ruri a aljihu.

"Tanko," ya ce, "kada ka motsa."